Daga Ankara zuwa Obasis

Daren wata Talata ce a tsakiyar Satumba, ina cikin jan ƙofar shagona a Nima, unguwarmu a birnin Accra na Ghana, waya ta shigo. Autan Kawu ne. Tun bai gama sallama ba gabana ya faɗi, domin a ƙauyensu ba a kiran mutum daga cikin ɗaki. Sai an fita bayan gari an hau wani suri da ke gindin ɗorawa, nan kaɗai waya ke kamawa, kuma ba mai zuwa can da dare cikin damina, ga ciyawa ga macizai, don kawai ya ji lafiyar iyali. Ya ce, "Yaya, Baba ya kwana uku bai fita masallaci ba. Ya ce a gaya maka, in kana da niyyar zuwa, to ka zo." Kafin in tambayi komai layin ya yanke. Na kira har sau bakwai, bai shiga ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, su biyu suka rage a ɗakinsu. A gabansa na yi shekara biyu ina karatun allo tun ina ɗan shekara tara, kuma tun rasuwar mahaifina ba ni da uban da ya wuce shi. Da na shiga gida na faɗa wa Mma, mahaifiyar tawa, ba ta yi kuka ba, ba ta ma tambayi wane irin ciwo ba ne. Ta ajiye carbi ta ce, "In ka bi mota ba za ka same shi ba." Abin da ke raina ke nan. Motar Tamale daga tashar Circle, in hanya ta yi kyau, awa 12 ce ko kusa da haka: Nsawam, Nkawkaw, Kumasi, Techiman, Kintampo, gadar Buipe, gadar Yapei, kilomita 600 da ɗoriya. A wannan lokacin ma motocin dare sun riga sun tashi.

Sai na ɗauki waya don in ga nisan wurin ta sama. Mu 'yan zango tun kaka da kakanni Ankara muke ce wa Accra, haka kuwa na rubuta. Waya ta ba ni kilomita 4,000 da ɗaruruwa. Na ce subhanallahi, yaushe Kawu ya yi nisa haka? Babban ɗana, wanda ke sakandare, ya leƙo ta kafaɗata ya kwashe da dariya, a daren da bai dace a yi dariya ba, ya ce, "Baba, ai Turkiyya ka nufa." Ya karɓi wayar ya gyara. Sunan ƙauyen Kawu ya ƙi fitowa a taswira duk yadda ya juya rubutunsa, sai ya sa Yagaba, hedikwatar gundumar Mamprugu Moagduri, garin da ya fi kusa da su. Kilomita 500 da 'yan kai, a miƙe kamar an ja zare. Daga Ankara zuwa Tamale kuma wajen 440. Yaron ya yi ɗebewa a ka ya ce, "Ka gani, jirgi zai cinye maka kusan duka. Abin da ya rage bai kai 100 ba. Kafin azahar kana gaban Kaka." Na yarda da shi, don dama abin da nake son ji ke nan.

Yankin da Kawu yake, yamma da Walewale, a ƙetaren Farin Volta, mutanen arewa ba su cika kiransa da sunan gunduma ba. Obasis suke cewa, kalmar Turancin nan da ake yi wa wanda ya haye teku ya tafi Ingila ko Amurka. Ba'a ce ta bi wurin har ta zama suna. In damina ta yi nisa kogi ya cika, wanda ke can ya zama kamar yana wata ƙasa, malamin makarantar da aka tura can kuwa jaje abokansa ke yi masa. Na yi dariyar sunan nan a majalisar Nima ba sau ɗaya ba, amma duk zuwan da na yi da girmana da rani na yi shi, lokacin da kogin ke kwance lafiya, ana haye shi kafin a gama gaisawa da mai kwalekwale.

Kuɗin tikitin ya ninka na mota sau da yawa. Ƙannena biyu suka turo nasu ta MoMo, wato ta waya, Mma ta kwance bakin zani ta cika, yaron ya kama mini kujera a jirgin farko na safe. Da kunya in faɗa, amma shekarata 46 ina kwana ina tashi a ƙarƙashin ƙarar jiragen filin Kotoka, ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Daga Nima zuwa filin jirgi bai fi minti 15 ba in babu cunkoso. Muna yara ƙirga su muke yi daga kan katanga, da na girma kuma iyakata rakiyar alhazai. Na zura babbar rigata ta sallah kamar mai zuwa ɗaurin aure, abin da na yi da-na-saninsa kafin rana ta faɗi.

Bakwai saura muka tashi. Jirgin ya fara nufar teku, ya karkata, sai ga Ankara gaba ɗayanta a tagata: farin kumfa a bakin ruwa, kwalekwalen masunta kamar an watsa ɓawon gyaɗa, ga hasumiyoyi huɗu na babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina (na tuna ɓatan kan da na yi jiya, na murmusa), ga Nima a gefensa, rufin kwano mai tsatsa, ba masaka tsinke. Na nemi layinmu ban gane shi ba. Unguwar da na ɗauka ita ce duniya, tafin hannu ya isa ya rufe ta. Daga nan gajimare ya haɗiye mu.

Wanda ke kusa da ni wani Badagwambe ne ma'aikacin gwamnati, ya ce sau biyu a wata yake bin hanyar. Ya lura da yadda na ƙanƙame hannun kujera, sai ya ja ni da hira cikin Hausarsa ta Tamale. Can da gajimaren ya yage ya taɓa ni ya ce, "Maigida, duba ƙasa." Ruwa ne, ruwa har iyakar gani, da rassa ta ko'ina kamar saiwar kuka. Tafkin Volta ke nan, wanda ya taru bayan an datse kogin a Akosombo a 1965, aka tayar da mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Tsohon Kete Krachi da zangonsa yana ƙarƙashin wannan ruwan. Ya nuna wani lungu ya ce wajen Yeji ke nan, in ka haye ka miƙe arewa sai Salaga.

Da ya ambaci Salaga na manta da tsoro. Kakan Mma bafatake ne daga Kano, cikin masu zuwa Gwanja da jakai, su kawo kanwa da fatu da baƙin yadi, su koma da goron ƙasar Tonawa, wato Ashanti, a naɗe cikin ganye. Watanni suke yi a hanya bayan madugu. A Salaga ya ajiye iyali, har yaƙin basasar 1892 ya watse garin, Hausawan cikinsa suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Ankara, namu kuma daga baya suka tare a Kumasi. Tafiyar da ayari ke yi daga asuba zuwa inda za a sauke kaya a kwana, ita ce zango, kuma daga nan unguwanninmu suka samo suna. Na yi ta kallon ƙasa ina lissafi: jirgin nan yana cinye zango guda kafin in karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu uku. Ban gama wannan tunanin ba aka ce a ɗaura ɗamara, za a sauka.

Takwas ba ta yi ba ina tsaye a Tamale. Na kira Mma na gaya mata, ta ce, "Har ka isa? Ikon Allah. Ni ko kokona ban gama sha ba." Daga wannan filin ne alhazan arewa suka fara tashi kai tsaye zuwa Saudiyya a 2016. Kafin nan Ankara suke gangarowa, su yi kwanaki suna jiran jirgi, gidajenmu na Nima su cika da baƙi har tsakar gida. Na fito ina taƙama, ina ji a raina saura ƙiris.

Filin jirgin yana arewa da gari, a kan hanyar Bolgatanga, wato hanyar da zan bi. Amma motocin Walewale daga tasha suke cika, wanda ya tsaya a bakin titi sai dai ya yi ta ɗaga wa cikakkun motoci hannu. Dole na ɗauki tasi na koma kudu, cikin Tamale, garin babura, inda za ka ga hajiya da mayafinta da goyo a baya tana tuƙa nata ba ruwanta. Na sami mota saura mutum shida ta cika. Mutum shidan nan sai da suka ci awa biyu. Wajen sha ɗaya muka zo wucewa ta mahaɗar filin jirgin da na baro tun takwas, na kawar da kai.

Savelugu, Diare, Nasia. A Nasia na fara ganin abin da ke jirana, ruwa ya malale fadamun shinkafa hagu da dama, sai kan itatuwa. Bayan azahar muka shiga Walewale. Na yi sallah a masallacin zango, na nemi wani tsohon mahauci da ya san Kawu. Da na gaya masa inda na dosa, ya dubi rigata, ya dubi takalmina, ya ce, "Ɗana, an buɗe Bagre." Madatsar ruwa ce a Burkina Faso, a kan wannan kogin dai, can suna kiransa Nakambe. Kusan kowace shekara, a Agusta ko Satumba, in ta cika sai a buɗe ta, a yi ta shela a rediyo cewa na bakin kogi su tashi. Ruwan ya haɗu da na sama ya shafe gonaki da hanyoyi. Ya ce hanya biyu ce. Ko in kwana, gobe in zagaya ta Bolgatanga da Navrongo da Sandema da Fumbisi in shigo ta bayan gida, ko in ɗauki babur yanzu in yanke zuwa mashigi, in Allah ya sa masu kwalekwale suna aiki. Ya ce shi dai da zagayen zai bi, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Na ce, "Baba, shekarar ce ba ni da ita." Bai ƙara magana ba, ya aika aka kira masa wani saurayi ɗan Mamprusi mai babur, ya yi mana ciniki da kansa, ya ƙunsa mini tsire a takarda ya ƙi karɓar kuɗi.

Kwalta ta ƙare tun ba mu yi nisa ba, aka shiga jar ƙasa, jar ƙasar ma ta koma kunu. Ƙasar tana da kyau, ban hana ta ba: kaɗanya da ɗorawa ko'ina, masara ta fi mutum tsawo, waken suya, gyaɗa, garken Fulani a gefe, gidaje masu zagayayyun ɗakuna da jinka. Sai dai wanda ke bayan babur yana riƙe da jaka da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tattare babbar riga kada taya ta cinye ta, ba shi da idon kallon kyau. Sau biyu muka faɗi, a hankali dai, kamar an kwantar da mu. Da la'asar hadari ya haɗo, muka fake a barandar wata makarantar firamare tare da awaki fiye da awa guda. Gaba kaɗan ruwa ya cinye wani kwalbati, samarin ƙauyen sun mai da wurin sana'a, mutum huɗu su ɗaga babur a kafaɗa su haye da shi, ka biya. Ban ga laifinsu ba. In da ba su, nan tafiyar za ta tsaya.

Rana na gab da faɗuwa hanyar ta shige cikin ruwa. Babu gaɓa, babu alamar mashigin da na sani. Hanya ce dai tana tafiya, sai ta nutse, kuma ba a hango ɗaya gefen. A kan wani tudu akwai bukkokin masunta da kwalekwale uku a ɗaure. Babbansu, wani dattijo mai faɗin kafaɗa, yana gyaran koma. Na gaishe shi na faɗa masa uzurina, na ce zan ninka kuɗi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ruwan nan da dare ba ya da ido. In na kai ka yanzu, gobe gawa biyu za a nema, mai ciwon kuma yana nan yana jiranka." Ban taɓa zuwa Makka ba, rigar ce ta jawo mini Alhaji, duk da tabon da ta sha.

A nan muka kwana. Matarsa ta kawo mana tuwon masara irin nasu na kudu da gasasshen kifi da yaji, na fito da tsiren mahauci aka haɗa. Ashe mutumin daga wajen Sogakope iyayensa suka zo, cikin masuntan da suka biyo ruwa arewa bayan datse Akosombo ta lalata musu kamun kifi da kawa a gida. Da Hausa yake ciniki da kowa, Mamprusi da Fulani da Moshi, kuma Hausar tasa ta fi ta wasu yaran Nima. Da ya ji daga Ankara nake, ya nuna kogin da haɓa ya ce ruwan nan ma can ya nufa, zai bi ta Yapei ya faɗa tafki, ya fita ta Akosombo, ya shiga teku a Ada. Shi kuwa ya fi shekara 20 bai ga teku ba. Na ce masa da safen nan na gan ta. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da suka yi jawur da laka, bai ce komai ba, amma na san bai gaskata ni ba.

Sauro bai bar ni na runtsa ba. Wajen sha ɗayan dare ina kwance a kan buhu ina kallon sama, hadari ya washe, sai ga wata 'yar fitila tana ƙiftawa can ƙololuwa, ta nufi arewa. Na san su, jiragen Turai ne da ke tashi daga Kotoka da dare, waɗanda ƙararsu ke katse mana hira a ƙofar gida. Cikin awa bakwai suna Landan. Waɗannan masu zuwa obasis ɗin gaske za su sauka, su karya kumallo, ni ban haye nawa kogin ba. Na so in yi dariya, sai na tuna Kawu, na tashi na yi alwala da ruwan kogin.

Da gari ya waye aka loda mu: ni, mai babur da babur ɗinsa a kwance, mata biyu da buhun gishiri da jarkokin kananzir, wani ɗan makaranta, da akuya. Bakin kwalekwalen bai fi tsawon yatsa huɗu daga ruwa ba. Rigar hana nutsewa kuwa ba a ma yi zancenta ba. Farko cikin gonar wani bawan Allah muka bi, tutar masara tana shafar gefen jirgi, zangarniya a nutse, noman shekara guda. Ɗaya daga cikin matan ta miƙa hannu ta karyo ɗaya, ta ɓare, ta ga ta fara ruɓa, ta sake ta. Da muka fito ainihin kogin kowa ya yi tsit. Ruwan ja ne, yana gudu da rassan itace da tarin ciyawa. Dattijon da ɗansa ba su yanke kai tsaye ba. Suka bi gefe suna haurawa sama da gora, suka yi nisa, sannan suka saki jirgin cikin igiyar ruwa suna sara da filafili, ruwan da kansa ya gangaro da mu a karkace zuwa inda suke so. An miƙo mini guntun jarka aka ce in riƙa kwarfe ruwan da ke shigowa, na kuwa yi aikin da zuciya ɗaya. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na duba agogo, minti 55. Kusan daidai da abin da na yi daga teku zuwa Tamale.

Sauran hanyar ba ta da labari, laka ce da rana. Ana kiran azahar ranar Alhamis na hango ɗorawar nan da surinta.

Na tarar da shi da rai. Yana kishingiɗe a kan buzu a zaure, ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa, amma idon nan nasa yana nan yadda na san shi. Na durƙusa na kama hannunsa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Mma, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya ce, "Ta ina ka biyo?" Na ce, "Ta sama, Kawu. Jirgi na hau." Ya ce, "Yaushe?" Na ce jiya da safe. Ya yi shiru, ya dubi rigata, ya ce, "To a saman ne ka faɗa taɓo?" Duk zauren aka yi dariya, har da matan da ke leƙe ta bayan zana, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi.

Zazzaɓi ne ya kayar da shi, ga tsufa. Washegari na bi autansa a babur zuwa ƙaramin asibitin da ke ƙauyen gaba don karɓo magani. Ma'aikaciyar ta ce wanda ake bukata ya ƙare, amma mu zauna. Ta aika saƙo ta waya. Ba a yi awa ɗaya ba yara suka fara ihu suna nuna sama, sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, fari da jan fiffike, ya zagayo, ya saki jan kwali da 'yar lemar takarda, ya juya ya koma ko sauka bai yi ba. Na kamfanin Zipline ne, wanda ya fara aiki a Ghana a 2019, kuma ɗaya daga cikin tashoshinsa tana Vobsi, kusa da Walewale. Walewalen da na baro shekaranjiya da rana. Na ɗauki kwalin na jinjina, bai kai kilo biyu ba. Ashe lissafin ɗana daidai yake, sai dai an yi shi ne don abin da bai fi wannan nauyi ba.

Da dare, bayan ya ɗan sha kunu, na isar da saƙon Mma. Ta ce in taho da shi Ankara a duba shi a babban asibiti, kuɗin jirgi za a haɗa. Na ƙara da nawa, na ce awa ɗaya ce kawai daga Tamale. Ya ce, "Daga Tamale." Ya bar maganar a nan ta ɗan huce, sannan ya shiga ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ko da yake na sha jin gutsattsarinsa a wurin Mma.

A Kumasi aka haife shi. Ya fara ganin Ankara a 1957, shekarar samun mulkin kai, a jirgin ƙasa ya je, yana saurayi. Arewa kuwa ya san ta tun kafin tafki, lokacin da babbar hanya ke bi ta Mampong da Ejura da Atebubu, a haye kogi a Yeji, a kwana Salaga, a wuce Tamale, yana bin wani malaminsa. Har yanzu da wuraren kwana yake auna nisa, ya lissafa mini su da yatsu. Daga baya ya zauna a Ankara yana koyar da yara yana ɗan kasuwancin goro, har Nuwamba ta 1969, da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Zango ya rikice. Mutane suna sayar da gida da kuɗin akuya, ana cika manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar. Shi ba shi da takardar haihuwa, ba shi da ta zama, sunansa da harshensa kuma sun isa a ce masa baƙo. Kano da ake cewa ya koma, bai taɓa ganinta ba, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mma tana ɗakin mahaifina mai takarda, ita ba abin da ya taɓa ta. Sai wani ɗalibinsa ɗan Mamprusi, mai rakiyar shanu kudu, ya ce, "Malam, zo mu je garinmu. Motar gwamnati ba ta taɓa zuwa can ba." Suka taho. Sarkin ƙauyen ya ba shi fili da gona, dama suna neman mai yi musu limanci da raɗin suna.

Ya ce, "Kogin nan da ya kwanar da kai, shi ya tsare ni. Daminar farko da na ga ya cika ya rufe hanya, ranar na fara barci har da minshari." Tun daga lokacin bai sake taka Ankara ba, shekara hamsin da wani abu. An daina korar kowa tuntuni, yana da katin ɗan ƙasa a cikin gafakarsa, 'ya'yansa suna jin Mamprusi fiye da Hausa. Na ce to ai yanzu ba abin tsoro. Ya ce ba tsoro ba ne. Matansa biyu suna kwance a bayan masallacin nan, ya riga ya nuna wa yara wurinsa a kusa da su, ba zai je a sa shi a firijin asibiti ana neman kuɗin motar da za ta dawo da shi ba, motar ma ta zo ta tsaya a bakin ruwa. Na ba shi labarin ɗan jirgin da ya jefo maganinsa. Ya ce ya sha jin kukansa. "In sun ƙera mai ɗaukar tsoho daga ƙofar zaurensa ya dawo da shi kafin magariba, ka aiko a gaya mini."

Kwana biyar na yi. Ranar da zan taho an riƙo shi ya fito masallaci, ya yi asuba a zaune. Ya sa aka kama mini zabi huɗu, aka cika roba da man kaɗanya, aka ƙunsa daddawa mai yawa a ganye, wai ta Mma ce, ya san ta Ankara ba ta da ƙamshi. Ya ce in gaya mata in ruwa ya janye, bayan an gama girbi, ta zo ita, mota tana kaiwa har bakin mashigi.

Ko da kuɗin jirgi ya rage mini, ba mai barina in shiga da zabi, kuma bai rage ba. Ruwan ya ɗan sauka, na haye da safe, na kama motar dare a Tamale, zabin suna ƙarƙashin kujera a kwali mai huji, warin daddawa ya sa wata 'yar Kumasi da ke gefena ta yi ta fesa turare har Techiman. Da hantsi muka shigo Circle. Ɗana ne ya zo tarona. Tun kafin ya karɓi jaka ya ce, "Baba, wai da gaske sai Alhamis ka isa? Ai bai kai kilomita 100 ba." Na ce haka ne, bai kai ba. Na miƙa masa kwalin na ce ya riƙe ta ƙasa da kyau, gindin ya jiƙe.